Akropolis na Atina: yadda aka tsara hanyoyin ƙafa a kewayen kufai

Akropolis wani dutse ne mai faɗin kai da ke tsakiyar Atina, babban birnin ƙasar Girka. Tsayinsa ya kai kimanin mita 150 daga doron teku, faɗin samansa kuwa wajen hekta 3 ne. A kansa kangayen gine-ginen da Girkawan dauri suka yi shekaru kusan 2,500 da suka wuce suke tsaye, kuma miliyoyin mutane ke hawa kallonsu kowace shekara. Hukumar UNESCO ta sa wurin cikin jerin kayan gadon duniya a 1987, jerin da tsohon garin Agadas ya shiga a 2013.

Masu tsara birane suna zuwa Atina don wani abu bayan kangayen, wato hanyoyin da ke kai mutum gare su. Sau uku aka yi babban aiki a kan waɗannan hanyoyi: daga 1954 zuwa 1957, daga 1997 zuwa 2004, sai kuma a 2020. A kowane karo tambayoyin ɗaya ne. Ta ina jama'a za su bi, da me za a shimfiɗa hanyar, wa zai iya hawa, wa kuma zai rasa gidansa don a buɗe fili. Amsar da aka bayar ita ke nuna ko dutsen zai daɗe ko zai cinye, da kuma ko mutanen gari za su ci gaba da ɗaukar wurin a matsayin nasu.

Tarihin wurin a taƙaice

Ginin da ya fi shahara a kan dutsen shi ne Partenon, ɗakin bauta mai ginshiƙan farin dutsen marbul, wanda aka gina tsakanin shekara ta 447 da ta 432 kafin haihuwar Annabi Isa, a zamanin shugaba Perikles. Daga baya ya zama coci, sannan ya zama masallaci bayan Turkawan daular Otoman sun kama birnin a ƙarni na 15. A watan Satumba na 1687, lokacin da rundunar Benis ta yi wa garin ƙawanya, harsashin igwa ya faɗa kan albarushin da aka ajiye cikin ginin, tsakiyarsa ta tarwatse. Tun daga ranar ya zama kango.

Girkawan dauri ma sun tsara hanyoyinsu. Akwai babbar hanyar biki da ta ratsa kasuwar gari ta hau har ƙofar dutsen, akwai kuma wata ƴar hanya mai tsawon kimanin kilomita 1 da ta zagaye gindinsa. Da Atina ta zama babban birnin sabuwar ƙasar Girka a 1834, aka kwashe sojoji daga kan dutsen, aka rushe gidajen zamanin Turkawa da ke can, aka miƙa wurin ga masu tonon kayan tarihi. Magina biyu da suka zana taswirar sabon birnin a farkon shekarun 1830, Stamatios Kleyantis da Eduwad Shobat, sun ba da shawarar a bar fili mai faɗi a gindin dutsen saboda tono. Ba a bi shawarar yadda suka so ba, gari ya yi ta matsowa.

Abin da ke cin kufai

Tafin ƙafa shi ne na farko. Marbul da dutsen da ke ƙarƙashinsa suna gogewa idan dubban takalma suka bi ta kansu kullum, har su yi santsi, alamun da magina da masu sassaƙa suka bari su shafe. Shi ya sa tun shekarun 1970 aka hana baƙi shiga cikin Partenon, kuma a 2009 hukumomin Girka suka hana sa takalma masu tsinin dunduniya a wuraren tarihi.

Na biyu shi ne hayaƙi. Bayan yaƙin duniya na biyu Atina ta cika da mutane da motoci da masana'antu. Hayaƙi mai ɗauke da farar wuta, idan ya gamu da raɓa ko ruwan sama, yakan mai da fuskar marbul wani ɓawo mai taushi da ke ɓarewa. A 1975 gwamnati ta kafa kwamitin masana na musamman don ceto gine-ginen. A ƙarshen shekarun 1970 aka ciro mutum-mutumin ƴan mata biyar da ke ɗauke da rufin baranda a ginin Erekteyon, aka shigar da su gidan adana kayan tarihi, aka sa kwafi a gurbinsu.

Na uku shi ne ruwa. Duk inda aka rufe ƙasa da abin da ba ya shan ruwa, ruwan zai nemi wata mafita, kuma sau da yawa mafitar ita ce gindin tsohon bango. Na huɗu shi ne gani: dogon bene ko jerin manyan motoci na iya tare kango daga ido ko da ba su taɓa shi ba. Mai tsara hanya a irin wannan wuri dole ya yi lissafin duka huɗun.

Aikin Pikiyonis, 1954 zuwa 1957

An haifi Dimitris Pikiyonis a birnin Piriyus a 1887, ya rasu a 1968. Ya karanta aikin injiniya a Atina, ya koyi zane a Munik da Paris, sannan ya daɗe yana koyar da tsarin gini a babbar makarantar fasaha ta Atina. Konstantinos Karamanlis, wanda ya riƙe ma'aikatar ayyuka kafin ya zama firaminista a 1955, shi ya damƙa masa gyaran filin da ke yamma da kudu maso yammacin dutsen, mai faɗin kimanin hekta 8. Gwamnati na son a samu hanya mai kyau saboda ƴan yawon buɗe ido da suka fara yawa. Pikiyonis yana da shekaru 67 lokacin da ya fara.

Ya yi manyan hanyoyi biyu. Ɗaya tana hawa zuwa ƙofar Akropolis. Ɗayar tana juya baya ga dutsen, ta hau tudun Filopapos da ke fuskantarsa, inda akwai kabarin wani basarake na zamanin Rumawa. A kusa da ƙololuwar tudun ya yi wani dandali mai dakalan dutse, wanda daga nan ake ganin Partenon gaba ɗayansa.

Abin da ya bambanta aikin shi ne kayan da ya yi amfani da su. A shekarun 1950 ana ta rushe tsofaffin gidajen Atina na ƙarni na 19 don gina benaye. Pikiyonis ya sa aka tattaro ɓaraguzansu: dokin ƙofa, matakala, guntayen marbul, fale-falen yumɓu na rufi. Da su aka shimfiɗa hanyoyin, ana haɗa babban dutse da ƙarami, a wasu wurare a ratsa da zirin kankare. Bai bar wa ƴan kwangila cikakken zane su aiwatar ba. Kusan kullum yana wurin tare da masu sassaƙar dutse da ɗalibansa, ana yanke shawarar inda kowane dutse zai zauna. Wannan ya sa aikin ya yi jinkiri fiye da yadda hukuma ta so, amma babu wani taku goma na hanyar da ya yi kama da na gabansa.

Shimfiɗar tana da amfani bayan kyau. Da yake duwatsun ba su yi sumul ba, mai tafiya yakan rage sauri, ya dubi ƙasa, ya ɗago kai. Hanyar kuma ba ta miƙe ba. Tana lanƙwasa ta yadda Partenon zai ɓuya bayan itatuwa, ya sake fitowa ta wata fuska, kuma a daidai inda ganin ya fi kyau ne ake samun dakali ko faɗaɗar hanya. A nan Pikiyonis ya amfana da binciken tsohon ɗalibinsa Konstantinos Doksiyadis, wanda ya nuna a 1937 cewa Girkawan dauri suna jera gine-ginensu ne bisa abin da idon mai shigowa zai gani daga bakin ƙofa.

Magudanan ruwa ma da dutse aka yi su, a fili, suna bin gefen hanya. A ɓangaren shuka, ya zaɓi itatuwan da ƙasar ta sani tun asali, irin su zaitun da rumman da ƙananan tsirrai masu ƙamshi, waɗanda ke jure fari kuma ba sa yin tsawon da zai yi gasa da ginshiƙai. A gefen hanyar Filopapos ya gyara wani ƙaramin tsohon coci mai suna Ayos Dimitriyos Lumbardiyaris, ya yi masa rumfar katako inda masu tafiya ke hutawa. A 2003 aka ba waɗannan hanyoyi lambar yabo ta Karlo Skarpa, wadda wata gidauniya a Italiya ke bai wa fitattun lambuna da filaye.

Haɗe kufan birni, 1997 zuwa 2004

Hanyoyin Pikiyonis sun gyara gindin dutsen, amma manyan tituna biyu sun ci gaba da raba shi da sauran wuraren tarihi. Su ne titin Diyonisiyu Areyopagitu da ke kudu, da titin Apostolu Pablu da ke yamma. Motoci da bas-bas na bi ta kansu dare da rana, kuma wanda ke son zuwa daga wani kango zuwa wani sai ya tsallake kwalta yana kallon dama da hagu.

Melina Merkuri, ƴar wasan fim da ta zama ministar al'adu a 1981, ta farfaɗo da tsohuwar shawarar haɗe wuraren. A 1997, shekarar da aka bai wa Atina damar karɓar wasannin Olamfik na 2004, gwamnati ta kafa kamfani na musamman don aikin. Kafin a buɗe wasannin an rufe titunan biyu ga motoci, an ɗebe kwalta, an shimfiɗa duwatsu, an dasa itatuwa. Haka aka samu doguwar hanyar ƙafa mai kimanin kilomita 3. Tana farawa daga ginshiƙan ɗakin bautar Zeyus, ta wuce gidan wasan Diyonisos da na Herodes Atikus, wanda aka gina a shekara ta 161 kuma aka daɗe ana kiɗa da wasa a cikinsa a wannan zamani, ta haɗu da hanyoyin Pikiyonis, ta bi gefen tudun Piniks inda ƴan birni ke taron shawara a da, ta gangara tsohuwar kasuwa, ta ƙare a tsohuwar maƙabartar Kerameyikos.

Rufe titi ba ya yiwuwa sai an samar wa jama'a wata hanyar zuwa. A shekara ta 2000 aka buɗe tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa a gindin dutsen, ta yadda mutum zai sauka ya taka da ƙafa. A watan Yuni na 2009 aka buɗe sabon gidan adana kayan tarihin Akropolis a bakin wannan hanya, kimanin mita 300 daga Partenon. Da yake an tarar da tsohuwar unguwa a ƙarƙashin filin, mai zanen ginin, Bernar Cumi, ya ɗora shi kan ginshiƙai, ya sa daɓen gilas, baƙi na tafiya suna hangen kufan a ƙarƙashin ƙafarsu.

Shiga cikin wuraren tarihin da kuɗi ne, amma hanyar kanta kyauta ce, ba ta da ƙofa. Da yamma mutanen gari ne suka fi yawa a kanta: iyali da yara, tsofaffi, makaɗa, masu sayar da ƴan kayayyaki. Wannan shi ne babban abin da aikin ya canja, domin kufan da a da ake hangowa ta tagar mota sun koma wurin shan iska.

Rigimar kankare ta 2020

A saman dutsen kuwa matsalar dabam ce. Ƙasan wurin dutse ne mai gargada da santsi, tsofaffi na zamewa, mai keken guragu kuma ba shi da ta yi. An sa na'urar ɗaga mutane ta farko a 2004, amma ta riƙa lalacewa. A 2020 ma'aikatar al'adu, da kuɗin gidauniyar Onasis, ta sa sabuwar na'ura, ta kuma zuba faffaɗar hanyar kankare daga ƙofar shiga zuwa gefen Partenon. An buɗe su a ranar 3 ga Disamba, ranar masu buƙata ta musamman ta duniya. Manolis Kores, masanin da ya shafe shekaru da dama yana aikin gyaran Partenon, shi ya jagoranci tsarin.

Aikin ya raba kan masana. Masu goyon baya sun ce a karon farko gurgu da tsoho za su iya zagaya wurin da mutuncinsu, cewa faɗin hanyar ya bi sawun tsohuwar hanyar biki, kuma an sa shimfiɗa tsakanin kankaren da dutsen ta yadda za a iya ɗaga shi ba tare da ɓarna ba. Masu suka, waɗanda dubbai daga cikinsu suka sa hannu a takardar koke, sun ce kankaren ya rufe dutsen da shi kansa kayan tarihi ne, ya sauya kamannin wurin, kuma manufarsa ta gaskiya ita ce a samu damar tura ƙarin ƴan yawon buɗe ido. Da aka yi ruwa mai ƙarfi a watan Disamba na shekarar, hotunan ruwa kwance a kan dutsen suka bazu a intanet, gardama ta ƙara zafi. Hanyar tana nan ana amfani da ita.

Rigimar ta fito da wani abu da ya shafi aikin Pikiyonis ma. Shimfiɗar da ke sa mai lafiya rage sauri ita ce ke wahalar da mai keke ko mai sanda. A shekarun 1950 ba a cika yin wannan lissafi ba, a yau kuwa dokokin ƙasashe da yawa sun wajabta shi.

Cunkoso da zafi

Hanya mai kyau tana jawo jama'a, kuma ƙofar Akropolis ɗaya ce mai ƙunci. A lokacin zafi na 2023 akwai ranakun da masu hawa suka kai 23,000, yawancinsu da safe, lokacin da manyan jiragen ruwa ke sauke fasinjoji. Daga watan Satumba na shekarar ma'aikatar al'adu ta ƙayyade adadin zuwa 20,000 a rana, ta raba su awa-awa, kowa da lokacin da aka rubuta a tikitinsa.

A watan Yuli na 2023 kuma zafi ya sa aka riƙa rufe wurin da tsakar rana, saboda saman dutsen ba shi da inuwa kuma marbul na mayar da zafin rana. An sake yin haka a shekarun da suka biyo baya. Ba za a iya dasa itace a kan dutsen ba, don haka inuwar zaitun da dakalan da ke hanyoyin ƙasa suka ƙara daraja.

Mutanen da ke zaune a gefen kufai

Filayen da ake yabo a yau ba a same su a banza ba. Tsohuwar kasuwar Atina tana binne ne a ƙarƙashin wata unguwa mai suna Brisaki. Daga 1931, da masu tono na Amurka suka fara aiki, an biya diyya an rushe gidaje fiye da 300, dubban mutane suka tashi. A arewacin dutsen akwai unguwar Anafiyotika, wadda magina daga tsibirin Anafi suka gina wa kansu a ƙarni na 19 lokacin da suka zo aikin ginin sabon birni. An rushe wani sashe nata saboda tono, gwamnati ta sayi wasu gidajen, yanzu ƴan gidaje kaɗan suka rage.

A yau kuɗi ne ke tayar da mutane. Tun da aka buɗe hanyar ƙafa da gidan tarihi, gidaje da yawa a unguwannin Plaka da Kukaki sun koma masaukin baƙi na kwana biyu ko uku, kuɗin haya ya tashi, teburan gidajen abinci suna cin gefen hanya. A 2019 mazauna yankin suka yi zanga-zanga kan wani otel mai hawa goma da ya tare musu ganin dutsen, daga baya hukuma ta ba da umarnin a sauke hawa biyu na sama.

Ƙa'idojin da ake bi

Akwai rubutattun ƙa'idoji da masu irin wannan aiki ke komawa gare su. A 1931 aka yi taron ƙasa da ƙasa a Atina kanta kan gyaran gine-ginen tarihi. Yarjejeniyar Benis ta 1964 ta ƙara fayyace cewa ba a raba gini da muhallinsa, kuma duk sabon abin da aka ƙara ya kamata a iya bambanta shi da na asali. UNESCO kuma tana buƙatar a shata wani yanki na kariya a kewayen wurin gado, inda ake taƙaita tsawon gini da irin ayyukan da za a yi.

A aikace, masu tsari sukan fara da tono da auna ƙasa kafin a ja layin hanya, don kada a zuba tushe a kan abin da ba a gano ba. Sukan fi son shimfiɗar da za a iya ɗagawa, su ajiye motoci da shaguna da makewayi nesa da kango, su tsara mafitar ruwa tun farko, su kuma lissafa yawan mutanen da wuri mafi ƙunci zai iya ɗauka a awa guda.

Birnin Rum ya nuna abin da ke faruwa idan aka bi akasin haka. A 1932 Musolini ya buɗe wani faffaɗan titi miƙaƙƙe daga dandalin Benesiya zuwa katafaren filin wasan Koloseyo, bayan an rushe unguwa guda, titin ya bi ta kan dandalolin sarakunan Rumawa ya raba su biyu. An yi shi ne don faretin soja, daga baya ya zama hanyar dubban motoci. Sai a 2013 hukumar birnin ta fara hana motocin masu zaman kansu bin sashen da ke kusa da Koloseyo, kuma har yanzu wani ɓangare na kufan yana ƙarƙashin titin.

A Atina, hanyoyin Pikiyonis sun shiga cikin abubuwan da dokar Girka ke karewa a matsayin kayan tarihi.